Faten Malam da Zagaye Uku a Kwangila

Ranar Juma'ar nan na shigo gida da ɗaurin ganye a hammata, ina taku ɗai-ɗai kamar wanda ya dawo daga farauta. Na dire shi a gaban matata Fauziyya a bakin madafi, na ce, "Ga yakuwa nan, a ɗora tukunya. Kuma a sanar da dangi cewa da ƙafata na je."

Ta kwance ɗaurin, ta ɗaga ganye ɗaya ta juya shi. Ta dube ni, ta sake duban ganyen.

"Abban Naila, wa ya sayar maka da wannan?"

"Wani dattijo mai mutunci a bakin titi. Har addu'a ya yi mini."

"Ai dole ya yi maka addu'a. Rama ce."

Shekarata arba'in da tara. Ashirin da uku daga ciki na yi su ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, na san sunan kogunan da ba zan taɓa gani ba har in mutu, amma ashe ban san yakuwa da rama ba. Na ce ai duk ganye ne, duk da ɗan tsaminsu. Fauziyya ta ce to, a dafa a gani.

Ba don wasa na je neman ganyen ba. Mahaifinmu, Malam Umaru, yana da shekara tamanin da huɗu, kuma ranar ce ta huɗu da ya rufe bakinsa ga abinci. Tun rasuwar mahaifiyarmu Hajiya Rahamatu, wata takwas ke nan, cinsa yake raguwa. Sai zazzaɓi ya zo ya kwantar da shi mako guda. Zazzaɓin ya tafi, cin abincin bai dawo ba. Ruwa yake kurɓa, shi ma sai an lallaɓa. Likitan da ke duba shi ya zo da safiyar Juma'a, ya ja ni zaure ya ce zai dawo gobe Asabar ƙarfe biyu na rana, in har Malam bai sa komai a cikinsa ba, to asibiti za a tafi a zura masa roba ta hanci a riƙa ba shi abinci ta nan. Malam kuwa ya taɓa ganin an yi wa wani amininsa haka, ya dawo gida ya tara mu ya ce duk wanda ya bari aka yi masa wannan, shi da Allah.

Abu ɗaya ya fito daga bakinsa a kwana huɗun nan da ya shafi abinci. Ya ce, "Fate. Irin na Rahamatu."

Aka kai masa faten ramata da la'asar. Ko cokali bai taɓa ba. Ya shaƙi tururin sau ɗaya, ya juya fuskarsa ga bango.

Fauziyya ta fito da kwanon, ta tsaya a kaina ta ce, "Sai dai fa a kira Maman Diana."

Na yi kamar ban ji ba, don akwai kunya a maganar.

Sunanta Janet Mordecai, amma duk Dogarawa da Maman Diana aka san ta. Daga wani ƙauye a bayan Kachia aka kawo ta Zariya tana amarya, lokacin mijinta Mordecai yana aikin gyaran layin dogo. Da aikin ya yi sanyi ya bar shi da ciwon baya, sai ita ta fita nema. Ta gwada suyar ƙosai, ta ce zama a gaban kasko zai kashe ta. Ta gwada ɗinki, ta gano shi ma a zaune ake yi, ta mayar da keken. Wata rana mahaifiyata, wadda ba ta fita kasuwa, ta hango ta ta ƙofar zaure da kwando a kai, ta ce, "'Yar nan, in Sabon Gari za ki, ki taho mini da kuɓewa." Kuɓewar da ta kawo ranar, Hajiya ta zagaya da ita gidajen maƙwabta ana gani kamar jaririya. Kafin shekara ta zagayo Janet tana yi wa gida tara cefane.

Ba ta rubuta komai. Za ta shigo da sallama, ta wuce madafi, ta ɗaga murfin tukunyar jiya, ta leƙa gwangwanaye biyu uku, shi ke nan ta san abin da ya ƙare da abin da zai ƙare jibi. Ta san gidan da mai gidan yake fama da gyambon ciki, ba a kai musu attarugu mai zafi. Ta san wanda ke azumin Litinin da Alhamis. Ita Kirista ce, ranar Lahadi ko gobara ake yi a madafinka ba za ka gan ta ba, tana coci tana buga tulu a ƙungiyar zumuntar mata. Amma kafin a ga watan Ramadan ita ta riga ta jibge mana gero da tsamiya da kanumfari, har Malam yakan ce in ana shakkar wata a tambayi Janet.

Shekara ashirin da shida tana shiga gidanmu, ban taɓa ganin ta zauna ba. Hajiya ta shimfiɗa mata tabarma ta gaji. A tsaye take shan kunu, ƙafa ɗaya tana kallon ƙofa. In an matsa mata sai ta ce, "In na zauna wa zai tashe ni?"

Abin kunyar shi ne, bayan rasuwar Hajiya madafi ya koma hannun Fauziyya, ga mota ga firji, sai muka koma sayayyar wata-wata da kanmu. Ba wanda ya ce wa Maman Diana ta daina zuwa. Ta zo Asabar uku a jere ana ce mata akwai komai. Ta huɗu ba ta zo ba, mu kuma ba mu aika ba.

Na je gidanta bayan la'asar ɗin nan ina shirya jawabin ban haƙuri a hanya. Na same ta tana shanya a tsakar gida. Ban kai ga rabin gaisuwa ba ta katse ni.

"Kwana nawa bai ci ba?"

"Huɗu. Wa ya gaya miki?"

"Kai ka gaya mini. Ka taɓa zuwa gidan nan? Gobe ƙarfe bakwai ka zo da motarka. Bakwai na ce, Muntasir, ba bakwai ɗin malaman makaranta ba."

Ƙarfe tara da rabi na isa. Ba laifina ba ne gaba ɗaya. Motar ta ƙi tashi, sai da maƙwabta uku suka tura ta har bakin masallaci, ta yi tari, ta mutu, aka sake turawa. Na tarar da Maman Diana a bakin titi da kwandonta, ta tattake ƙasar wurin ta yi sumul saboda kai da kawowa.

"Ina kwana, Maman Diana."

"Kwana ya wuce. Ja mu tafi."

Lissafin lokacin a fili yake. Tsaki yana son wuta, in ana so fate ya nuna ya huce har tsoho ya iya sha kafin ƙarfe biyu, to tukunya ta hau kafin sha biyu. Ga shi tun daga Dogarawa muna hango tankokin mai da tireloli sun yi layi har gadar Kwangila. Da bakwai muka fito da mun taka kasuwa biyu mun dawo. Yanzu ɗaya ce, ba ƙari. In ka iso ƙarƙashin gadar nan daga wajenmu, dama Samaru, hagu PZ da Sabon Gari.

Ni a wajena babu abin tunani. Kowa ya san ranar Juma'a kasuwar Samaru take cika, amma da safiyar Asabar akwai masu lambu daga ƙauyukan bayan jami'a da ke kawo ganye da raɓarsa, saboda matan ma'aikata. Yakuwar da aka yanko da asuba. A Sabon Gari kuwa akwai komai, daga allura har injin niƙa, sai dai ganyen can ya sha hanya a bayan mota, an danne shi da buhunan kabeji, ana ta yayyafa masa ruwa don ya yi kamar yana da rai. Matsalarmu ganye ce, jiya na tabbatar da haka da kaina. Saboda haka Samaru.

Muna cikin cunkoson wayata ta yi ƙara. Yayana Abdulhafiz ne daga Abuja, mutumin da yake tafiyar da gidanmu ta waya kamar yana tuƙa jirgi daga ƙasa.

"Kuna ina?"

"Kwangila, Yaya."

"Har yanzu? To ku wuce Samaru kai tsaye. Na yi magana da Fauziyya, ganye ne matsalar. Kar ka kuskura ka shiga Sabon Gari yau Asabar, sai la'asar za ku fito. Ka ji ni?"

"Na ji, Yaya."

Na sa sigina ta dama. Maman Diana ta ɗora hannu a kan sitiyari.

"Zagaya."

"In zagaya ina?"

"Ka zagaya gadar. Ban gama ba."

Na zagaya. Masu keke suna ta danna mini oda, wani ɗan acaɓa ya leƙo ta taga ya tambaye ni ko gadar ta gadona ce. Na ce masa eh, jiya aka raba, shi ya samu kwalbatin. Maman Diana ko murmushi. Tana zaune a bakin kujera kamar kujerar tana da ƙaya, gwiwarta tana rawa, tana kwance bakin zanenta tana sake ɗaurewa. Leɓɓanta suna motsi.

"Addu'a kike yi ko zagina kike yi?"

"Duka biyun. Yi shiru."

Muka dawo daidai inda muka taso. Na sake sa sigina ta dama.

"Sake zagayawa."

"Maman Diana, mai fa nake ƙonawa. Kuma mai ba da hannun can ya fara kallona kamar ya san ni."

"Iya Bukola," ta ce, ba da ni take ba. "Tun Kirsimeti ban gan ta ba. An ce ƙafa ta matsa mata. Wasu sun ce 'ya'yanta sun mayar da ita garinsu. In na je ba ta nan fa? Na rasa ta, na rasa ganyen Samaru, na koma wa Malam hannu biyu."

"Wace ce kuma Iya Bukola?"

"Tuƙi aka ce ka yi."

A zagaye na biyu wata tirela ta toshe mu, muka tsaya cik a ƙarƙashin gadar, zafi yana dukan rufin mota, allurar zafin injin tana hawa a hankali. Goma saura minti biyar. Na ji raina ya fara ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ne yake fara sani.

"Kin ga, ni ba zan kwana ina ɗawafi a Kwangila ba. Yaya ya ce Samaru, Fauziyya ta ce Samaru, hankali ya ce Samaru. In kina da wata magana ki faɗe ta, in ba haka ba wallahi dama zan yi."

"Yi hagu."

"Saboda me?"

"Saboda na ce."

"Da can da kika ce, ai Hajiya ce take ji. Ni sai da dalili. Ubana ne a kwance."

Na san maganar ta yi nauyi tun kafin ta gama fita. Ta juyo ta dube ni sosai, irin kallon da take yi wa tumatirin da aka jera masu kyau a sama.

"Ubanka ne. Ni kuma shekara ashirin da shida ni nake ɗauko abin da yake ci a kaina. Zagaya, zan faɗa maka. Amma ka rantse bakin nan naka mai kama da rediyo ba zai kai shi gida ba."

Na rantse. Muka shiga zagaye na uku.

Kowa a gidanmu ya san Malam ba ya cin daddawar Yarbawa, wadda suke kira iru, mai danshin nan da ake ƙunshewa a ganye. Ya ce warinta yana hana shi karatu. Ko a gidan biki ya ji alamarta a miya sai ya ce ya ƙoshi. Daddawa a wajensa ita ce tamu baƙa, busasshiya, wadda ake dakawa. To ashe wata shekara, ban daɗe da fara koyarwa ba, aka yi ruwan kwana biyu, daddawa ta yanke wa Hajiya ga tukunyar fate a wuta. Janet tana tsaye da kwandonta, a ciki akwai ƙunshin iru da ta sayo wa kanta. Suka dubi juna. Hajiya ta ce, "Miƙo, in ya yi faɗa na ce ke ce." Ta wanke ta, ta dake ta da gyaɗa har ta ɓace, ta zuba. Malam ya sha kwano biyu, ya aiko a tambaya ko da saura, ya ce yau Rahamatu ta tuna da girkin uwarsa.

"Daga ranar," in ji Maman Diana, "duk faten da ka sha a gidanku da irun Iya Bukola aka yi shi. A ƙasan kwando nake sa shi, ƙarƙashin albasa. Ko a asibiti da na je duba Hajiya sai da ta kama hannuna ta ce, Janet, ko bayan raina. Ga shi ka sa na faɗa."



"Ba ganye yake nema ba," ta ce. "Ko daga Aljanna ka yanko yakuwar, in babu wannan zai juya wa bango fuska. Amma ta Iya kaɗai. Sauran masu sayarwa gishiri suke labta mata don ta daɗe, zai gane. In Iya ba ta nan, mun yi asara biyu. Shi ne nake ta juyawa."

"To yanzu fa?"

Ta ja numfashi. "Hagu. In na yi kuskure, ni na yi."

Na yi hagu. Wayata ta fara ƙara tun kafin mu kai PZ, sunan Yaya yana haskawa. Maman Diana ta ɗauke ta ta jefa cikin kwando ta rufe da buhu.

Wanda bai taɓa bin Maman Diana a kasuwar Sabon Gari ba bai san iyakar ƙafarsa ba. Mace mai shekara sittin da ɗoriya, gajeriya, amma sai ta shige tsakanin mai baro da mai ɗauke da katifa kamar ruwa, ni kuwa in tsaya ina ba da haƙuri. Ta ko'ina kiranta ake yi. "Maman Diana, kwana biyu!" "Mama, zo ki ga doya!" Wata mai kifi ta yi mata magana da Turancin kasuwa, ta mayar mata da shi ba tare da ta waiwaya ba. Na taka wani abu mai santsi, na rungumi buhun barkono don kar in faɗi, na yi atishawa bakwai a jere, mai barkonon yana ƙirgawa yana yi mini sannu.

Muka iso wani lungu a layin masu manja. Ta tsaya cak.

Rumfar tana nan, amma rigunan waya ne a rataye a ciki, ja da kore da masu ƙyalli. Wata budurwa tana zaune tana latsa waya.

"Ina mai wurin nan?"

"Ni ce."

"Tsohuwar da ke sayar da iru."

"Ban san ta ba. Ni tun watan Janairu nake nan."

Na dubi agogo. Sha ɗaya saura kwata. Ina jin fuskata ta faɗi abin da ke raina, don Maman Diana ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba. Ta tsaya a tsakiyar hanya, masu wucewa suna bangazarta. Ban taɓa ganin ta rasa inda za ta sa ƙafa ba sai ranar. Ta yi taku biyu gaba, ta dawo. Ta yi hagu, ta dawo.

Sai ta ce, "Ƙafa. In ƙafa ce ta dame ta, ba za ta iya hawa matakalar lungun nan ba. Kuma ba za ta yi nisa da masu niƙa ba, don can masu miya suke ƙarewa." Ta juya da gudu-gudu, na bi ta.

A bayan injinan niƙa, inda ƙara ba ta barin ka ji tunaninka, wata tsohuwa tana zaune a kan benci, ƙafarta ɗaya a naɗe da bandeji an ɗora ta a kan bokiti. A gabanta faranti ne guda, babu komai a kai sai ganye biyu da ƙudaje.

"Iya!"

"Ah, Janeti! Kina da rai? Na ce ko kin yi kuɗi kin manta da mu."

"Iya, iru. Kar ki ce mini ya ƙare."

"Tun ƙarfe tara. Yau Asabar, kin sani. Kin zo da rana tsaka kamar baƙuwa." Ta dube ni sama da ƙasa. "Wannan fa? Direba?"

"Ɗan Alhaja ne. Alhajan Dogarawa. Babansa ne ba lafiya, kwana biyar yau bai ci ba."

 Iya da mahaifiyata ba su taɓa haɗuwa ba, Hajiya ba ta san ko hanyar kasuwar ba. Amma sai ta ce, "Alhaja mai son mai laushi, ba gishiri. Na ji labari. Allah ya ji ƙanta." Ta sunkuya da ƙyar, ta ɗaga wani kwano da ke kife a ƙarƙashin bencin. Ƙunshi biyu ne a ciki. "Na miyata ne na gobe. Ɗauki. Ke kuma ki riƙa zuwa da wuri."

Na sa hannu a aljihu, ta daka mini tsawa da Yarbanci. Ban ji kalma ɗaya ba amma na gane duka.

Saura yakuwa. Muka wuce rumfuna huɗu da ganye kore shar yana ɗigar ruwa, ina ta jan hannun rigarta ina nunawa, ba ta ko kallo. Can bakin kasuwa wajen layin dogo ta tsaya gaban wani tsoho da ya baza 'yar yakuwa a kan buhu, ta yi laushi, ta yi ƙura, kamar an yi mata duka.

"Wannan? Maman Diana, wannan ai ta riga mu gidan gaskiya."

Ta tsinki ganye ɗaya ta goge a zane ta tauna, ta runtse ido ɗaya. "Ba a jiƙa ta ba. Waccan da kake so tun asuba take shan ruwa, tsaminta ya tafi kwata. Wannan yunwa kawai take ji, da ta ga tukunya za ta farfaɗo." Ta haɗa da gauta da ɗanyar gyaɗa da albasa mai lawashi a rumfa ɗaya, ta tura ƙunshin nan biyu can ƙasa, ta ɗora mini kwandon a ka. Malamin makaranta guda, da hular zanna, ina tafe ruwan albasa yana bin wuyana. Wani tsohon ɗalibina ya gan ni ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa masa daga ƙarƙashin kwando.

Sha biyu da minti goma muka shiga gida. Fauziyya ta riga ta wanke tsaki, ruwa yana tafasa. Ta ɗaga yakuwar ta dube ni.

"Wannan ce ta Samarun?"

"Ita ce ta inda muka je," na ce.

Maman Diana ta ce mata, "Amarya, je ki zauna da Malam, ki yi masa fifita. Ni da turmi za mu gana." Shekara ashirin da auren Fauziyya, har yau amarya ce a bakinta. Da ta fita, Maman Diana ta sa ni tsaron ƙofar madafi, ta kwance ƙunshi ɗaya, ta ɗauraye, ta zuba a turmi da gyaɗa, ta daka har sai da ba ka iya bambance su. Ganyen ƙunshin kuwa ta cusa shi a wuta.

Biyu saura kwata aka kai kwanon. Ni na shiga da shi, ita ta tsaya a bakin ƙofa daga waje, tana sauya ƙafa. Malam yana kwance yana fuskantar bango, ya zama kamar tsumma a kan gadon. Na ajiye kwanon a kan kujera kusa da kansa, na buɗe.

Tururin ya tashi. Aka ɗan jima. Sai na ga kafaɗarsa ta motsa.

"Wa ya zo?"

"Maman Diana ce, Malam."

"Janet." Ya juyo gare ni. "Tashe ni."

Na tallafe shi na jingina da matashi. Na kai masa cokalin farko. Ya riƙe shi a baki ya daɗe kafin ya haɗiye. Na biyu ma haka. A na huɗu ya karɓe cokalin daga hannuna, ya ce ba jariri ba ne shi. Sallamar likita ta same shi a cokali na goma sha wani abu, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Likitan ya tsaya ya kalla, ya duba shi, ya ce a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan, maganar asibiti a bar ta tukuna, zai leƙo Litinin.

Malam ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, wanda ba shi da yawa. "Janet, kina nan?"

"Ina nan, Malam. Sannu da jiki."

"Allah ya yi miki albarka. Ku yaran yanzu ku koya. Wannan ita ce daddawa ta asali, irin ta Zazzau. Ba wannan abin mai wari da ake ƙunshewa a ganye ba."

"Haka ne, Malam," in ji ta.

Na fito da sauri don dariya ta taso mini har wuya. Na same ta a zaure ta riga ta saɓa kwandonta, ta ciro wayata daga ciki ta miƙo mini, kiran Yaya goma sha ɗaya. Na ce ta zauna ta sha ruwa, ta ce akwai gida biyu da ke jiran ta tun safe. Na ce to Asabar mai zuwa muna sa ido, da ta bayanta, da duk wadda ta biyo. Ta ce za ta duba.

Da na yi shiru a nan da an rabu lafiya. Amma ni ne.

"Maman Diana, yanzu fisabilillahi, ke da zumuntar mata da buga tulu, shekara da shekaru kuna yaudarar malami guda a cikin gidansa. Ba kya jin komai? Ni fa gaskiya tana cina, ina ganin sai na shiga na faɗa masa."

Ta gyara kwandon a kanta, ta sa ƙafa ɗaya a waje.

"Ni cefane aka aike ni, ba wa'azi ba. In gaskiya tana cin ka, ga ɗakin can, shiga ka faɗa. Amma ranar da za su zura masa robar, kai za ka danne masa hannu, kuma ka tabbata kana ba shi labarin nan naka mai daɗi."